Warin Rima a Kayan Ɗaki Ya Fi Ƙarfin Turaren Wuta

Tun da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri, hankali ya tafi kan gidajen da suka rushe. Gadaje da kabad-kabad da suka tsira kuwa, masu tashin warin rima da zarar an buɗe ɗaki, an bar mata da su, su kuma suka tunkare su da turaren wuta, abin da Barno ta yi suna a kansa. Sai dai warin nan na funfuna ne, wadda kan kama katako cikin kwana biyu da jiƙewa, ta kuma ci gaba da yaɗuwa muddin akwai danshi. Hayaƙi yana danne warin na ɗan lokaci, funfunar tana nan, jarirai da masu ciwon asma suna shaƙa.

Maganin ba shi da tsada. A fitar da kayan inuwa inda iska ke kaɗawa (rana tsaka tana tsaga katako), a zare durowoyi, a goge da ruwan sabulu, a bar su su bushe ƙarau, sannan a ajiye gawayi a ciki ya tsotse sauran warin. Iskar hunturu tana ƙarasa aikin.

Wani zai ce ya yi duk wannan amma warin bai tafi ba. Gaskiyarsa, kuma laifin na katakon ne. Kafintocin da suka yi wa iyayenmu kayan aure da katakon gaske suke aiki, irin maɗaci, wanda ko ya sha ruwa yakan bushe, a kankare shi da sanfefa, a shafa masa banish ya dawo. Yawancin kayan ɗakin amaren yau kuwa MDF ne, garin katako da aka haɗa da gam aka matse, aka lulluɓe da leda mai ƙyalli. Da ya sha ruwa sai ya kumbura, danshin ya maƙale a ciki inda iska ba ta kaiwa, kuma babu kafintan da zai dawo da shi. Duk da haka iyaye suna cin bashi su sayi wannan, suna kuma rabar da tsohon gadon maɗaci don wai ya tsufa. Za a ce katakon gaske ya yi tsada. Haka ne, domin mun sare maɗatan ba mu dasa wasu ba, hukumomin gandun daji suna kallo. A garin da ambaliya ta ci a 1994 ta sake ci bayan shekara 30, arhar MDF ba ta wuce damina guda mai ƙarfi.