Rarar Bayani a Harshe da Gyaran Kuskure a Wayar Iska: Tsarin Folar

Bayan da aka soma wayar salula a Nijeriya cikin 2001, sannu a hankali mutumin Dutse ya saba da zantawa da ɗan'uwansa na Kiyawa ko Jahun ba tare da wani zare ya haɗa su ba. Amma saƙon da ke bin iska yana gamuwa da cikas. Nisa yakan raunana shi, duwatsun da garin ya samo sunansa daga gare su sukan tare shi, saƙonnin wasu kuma sukan cuɗanya da shi. Abin tambaya shi ne, yaya na'ura za ta gyara abin da ya lalace a hanya ba tare da ta ce a maimaita ba?

1. Dabarar harshe

Harshe ya riga na'ura sanin amsa. A ɗauka wani ya ɗaga murya a kasuwar Shuwarin ya ce, "Farar saniyar nan ta ɓace." An nuna jinsin mace sau biyar a cikin wannan jimla: a "fara", da "-r" ɗinta, da "saniya", da "-r" ɗinta, da kuma "ta". Ko hayaniya ta haɗiye biyu, mai sauraro ba zai tafi neman sa ba. Wannan shi ne rarar bayani.

Cikin 1948 Claude Shannon na Amurka ya tabbatar da cewa kowace hanyar saƙo tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka, kuma muddin ba a ƙetare iyakar ba, ana iya rage kuskure yadda ake so ta hanyar ƙara rara bisa tsari. Sai dai bai nuna yadda za a gina tsarin a aikace ba. Cikin 2009 Erdal Arikan na Jami'ar Bilkent da ke Ankara ya buga tsarin Folar, wanda shi ne na farko mai sauƙin lissafi da aka kafa hujjar cewa yana kai wa ga iyakar nan.

2. Yadda tsarin yake aiki

Na'ura alama biyu kaɗai ta sani, 0 da 1. A ƙaddara akwai hanyar da ke ɓatar da rabin abin da aka aiko, ana kuwa so a aika alamomi biyu. Maimakon a aika su yadda suke, sai a fara aika gaurayensu, watau 0 idan sun yi daidai, 1 idan sun saɓa. Sa'an nan a aika ta biyu ita kaɗai.

Ba a gane alamar farko sai aike biyun duka sun iso, saboda haka takan ɓace sau 3 cikin 4. Ta biyu kuwa, in an riga an san ta farko, ko aike ɗaya ya iso ya wadatar, saboda haka sau 1 cikin 4 take ɓacewa. Hanya ɗaya ta zama gurbi biyu ke nan, mai rauni da mai ƙarfi. In aka sake gaurayawa, sai a sami gurabe huɗu masu ɓatar da 15, da 9, da 7, da 1 cikin 16. Aka ci gaba da ninkawa, kusan dukan gurabe sai su rabu gida biyu: amintattu sarai, da marasa amfani sarai. Sai a zuba saƙo a amintattun, a cika sauran da 0, wanda mai karɓa ya riga ya sani, kamar yadda Bahaushe ya san "ta" ce za ta biyo bayan "saniya".

3. Kyautata tsarin

Hujjar Arikan ta dogara ga saƙo mai tsawon gaske, alhali umurnin da tasha take bai wa waya gajere ne. Don haka masana suka duƙufa kan abu uku. Na farko, zaɓen guraben da za a cika da 0. Ƙa'idar 5G ta tanadi jeri guda na gurabe 1,024 bisa amincinsu. Na biyu, karatu: mai karanta alamomi bi da bi, in ya yi kuskure a farko, kuskuren yakan bi shi har ƙarshe. Cikin 2011 Ido Tal da Alexander Vardy suka nuna cewa gara na'ura ta riƙe zato da dama a lokaci guda, kamar mai karatun boko da ya tarar da "gari" ya dakata ya gani ko na zama ne ko na tuwo. Na uku, a liƙa wa saƙo 'yan alamomin shaida waɗanda za su fid da zaton gaskiya daga sauran.

Da wannan gyara ne aka karɓi Folar cikin Nuwamba 2016 domin saƙonnin umurni na 5G, wadda kamfanin MTN ya soma a biranen Nijeriya bakwai, har da Kano, cikin 2022.

Kowane gyara kuwa da farashinsa. Yawan rara yana rage saƙo, yawan zato yana cin batir. A ƙauyukan tsakiyar Jigawa, inda tasha take nesa kuma cajin waya yakan ci kuɗi, wannan awo ba ƙaramin al'amari ba ne. Malamin da ke koyar da jituwar jinsi da adadi a aji yana riƙe da misalin da ya fi kowanne kusa da ɗalibansa domin bayyana shi.