Shin Ko Kun San? Ƙusa Ɗaya Na Tona Shekarun Tsohuwar Libarba

Shin ko kun san cewa libarbar farko ta Samuel Colt, wadda ya yi wa rajista a Amurka a 1836, kunamarta a ɓoye take? Sai an ɗana bindigar take leƙowa.

Ko kun san Colt Walker ta 1847, mai nauyin kilo 2, guda 1,100 kacal aka ƙera? Aibinta shi ne da an harba, sandar ɗura harsashi takan faɗo ta hana ganga juyawa. Dragoon ta 1848 ce ta zo da maƙalin da ya magance haka.

Wadda ta fi burge ni ita ce Single Action Army ta 1873. A ƙirar farko, wata 'yar ƙusa da ake murɗawa a gaban bindigar ce ke riƙe ƙarfen da ganga ke juyawa a kansa. Wajen 1896 kamfanin ya musanya ta da maɓallin da ake dannawa ta gefe. Ganin wannan ƙusa kaɗai ya ishi masani ya kintaci zamanin bindigar. Amma maɓallin ba shaida ba ne cewa tana jure albarushi mara hayaƙi, domin sai a 1900 kamfanin Colt ya ba da wannan tabbaci.

Shin kun san ana buga lambar bindiga ɗaya a gangar jikinta, da ƙarfen da ke kare kunama, da bayan ƙota, wani lokaci har da bututu? Idan lambobin suka zo ɗaya, kayan na asali ne, kuma farashi sai ya haura.

Sai dai saɓanin lamba ba kullum yake nufin algus ba. Daga 1895 zuwa 1903 sojojin Amurka sun mayar da dubban libarbobin mahaya doki gyara. Aka datse bututunsu daga inci 7 da rabi zuwa 5 da rabi, aka wargaza su, da yawa aka harhaɗa su ba tare da bin lamba ba. Masu tara kayan tarihi na neman waɗannan ruwa a jallo.

Wanda ya gaji irin wannan, kada ya kuskura ya goge ta ko ya sake mata launi don ta yi ƙyalli. Gugar kan cinye lambobi da tambarin masana'anta, kuma darajarta ta faɗi ke nan.