Farfaɗiyar da Ta Ƙi Lafawa

Yawancin farfaɗiya takan lafa da kanta cikin minti ɗaya ko biyu. Amma idan jijjigar ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, ko ta riƙa dawowa a kai a kai ba tare da mai ita ya dawo hayyacinsa a tsakani ba, to rayuwarsa tana cikin haɗari. A da, sai an kai minti 30 likitoci suke kiranta doguwar farfaɗiya. A shekarar 2015 ƙungiyar yaƙi da farfaɗiya ta duniya ta mayar da ma'aunin minti 5, domin wadda ta wuce haka da wuya ta tsaya ba magani, kuma daga minti 30 ƙwaƙwalwa na iya samun illa ta dindindin.

Ga mai ciwon tun asali, babban musabbabi shi ne barin shan magani kwatsam, ko don kuɗi sun ƙare, ko don ya ga ya sami sauƙi. Sai dai da yawa cikin waɗanda abin ke kamawa ba su taɓa farfaɗiya ba. Tsofaffi shanyewar ɓarin jiki ke jawo musu, masu ciki hawan jini, wasu kuma faɗuwar sukari ko bugu a ka. Yaran ƙasashenmu kuwa, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa da sanƙarau ne kan gaba.

Wani bincike da aka wallafa a 1996 daga birnin Richmond na Amurka ya gano abin yana samun mutum 41 cikin kowane 100,000 a shekara, kuma kashi 22 cikin ɗari na waɗanda ya sama sun rasu. Amma ajalin bai tashi daidai ba: cikin yara kashi 3 ne, cikin tsofaffi kashi 38. A Kilifi ta ƙasar Kenya, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kimanin kashi 15 na yaran da abin ya sama sun rasu a asibiti. Wannan rata tsakanin yaran Richmond da na Kilifi abin takaici ce, domin yawanci cutar da ta jawo farfaɗiyar da jinkirin kai mara lafiya asibiti su ke kisa, kuma duka biyun ana iya maganinsu.

Saboda haka idan ka ga mai jijjiga, kwantar da shi ta gefe, kada ka cusa masa cokali ko ruwa a baki, kada kuma ka guje shi, yawunsa ba ya yaɗa ciwon. Duba agogo. Da zarar ta kai minti 5, a garzaya da shi asibiti.