Littafin Kwamfuta da Babu Kwamfuta a Cikinsa

Yaron da ya ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, a Damagaram ya ce shi kwamfuta zai karanta, abin da yake hangowa shi ne ɗaki mai sanyi, da allo mai haske, da yatsu suna gudu a kan madannai. To ko a Yamai ya samu gurbi, ko a Maraɗi, ko ya tsallaka iyaka zuwa Jami'ar Bayero ta Kano ko ta Ahmadu Bello a Zariya, tun cikin shekarun farko zai yi karo da wani darasi da ba a kunna na'ura a cikinsa. A manhajar Faransanci sunansa mathématiques discrètes. Mu kira shi lissafin ɗai-ɗai. Littafin da ya fi yawo a hannun ɗalibai a kansa shi ne na Kenneth Rosen, Ba'amurke, wanda ya fara fitowa a 1988, aka yi ta sabunta shi har bugu na takwas, shafukansa sun doshi dubu. Da yawa sukan ɗauki darasin a matsayin wani shinge da za a tsallake a wuce. A ganina shi ne ainihin karatun, saura duk a kansa aka ɗora su.

Ruwa aunawa ake yi, awaki kuwa ƙidayawa. Tsakanin lita ɗaya da lita biyu akwai matakai ba iyaka, amma tsakanin akuya uku da akuya huɗu babu komai. Yawancin lissafin da aka yi a lise, wato babbar sakandare, na saurin mota da lanƙwasar zane, na abin aunawa ne. Ita kuwa kwamfuta ƙidaya kaɗai ta sani: sifili ko ɗaya, mataki na farko sannan na biyu. Hoto da murya da kuɗin da aka turo daga Libiya ko Abijan, duk sai an farfasa su sun zama lambobi kafin ta iya taɓa su.

Babin farko kusan kullum manɗiƙi ne, ilimin da malaman zaure suka daɗe suna karantarwa da Larabci. Idan an yi ruwan sama, ƙasa za ta jiƙe. An tarar da ƙasa a jiƙe, shin an yi ruwa ke nan? Ba dole ba, wataƙila ɗan garuwa ne ya yi ɓari. Wanda bai iya raba waɗannan maganganu biyu ba, manhajar da zai rubuta za ta riƙa yanke hukuncin da ba a sa ta ba. George Boole, Baturen Ingila, shi ya mayar da "da" da "ko" da "ba" alamomin lissafi a littafinsa na 1854. Sai a 1937 wani ɗalibi a Amurka, Claude Shannon, ya nuna cewa makunnan lantarki za su iya yin wannan lissafi. Kowace wayar salula da ke aljihun 'yan kabu-kabu a kan wannan take tsaye.

Sai babin ƙidaya, wanda ya fi kowane daɗi. A je inda dattawa ke buga dara a gindin bishiya: gurbi 30, layi biyar a jere shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Na farko yana da gurbi 30 da zai iya sa ɗansa, na biyu 29, wato hanyoyi 870 tun kafin wasa ya yi zafi. Kowa ya ƙara ɗa ɗaya, sun zama 657,720. Ba wanda ya zauna ya jera su, ninkawa kawai aka yi. Da wannan dabara ake sanin cewa lambar sirri mai alƙaluma huɗu iri 10,000 ce kacal, mai shida kuwa miliyan ɗaya, shi ya sa ake rufe asusu idan an yi kuskure sau uku, don kada ɓarawo ya samu damar gwada su duka.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, malami daga Katsina, ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, kuma a can ya rasu a 1741. A 1732 ya rubuta yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, ta yadda duk layin da aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimilla ɗaya zai bayar. A mai gida tara jimillar 15 ce, a mai gida 25 kuwa 65. Mutane sun fi sanin hatimi a cikin laya, wannan wata magana ce daban. Abin da ya shafe mu shi ne, akwai hanyoyi 362,880 na zuba lambobi ɗaya zuwa tara a gida tara, takwas ne kawai suke dacewa, su ma ɗin hatimi ɗaya ne ake jujjuyawa. Mai laluben sa'a zai daɗe bai samu ba. Malamin Katsina doka ya bayar: fara daga wannan gida, matsa kaza, idan ka faɗa waje ka dawo ta ɗaya gefen, idan ka tarar da gida a cike ka yi kaza. Jerin umarni irin wannan, wanda ko mutum bai san dalilinsa ba idan ya bi zai kai ga amsa, shi ake kira algoridim, kuma shi ne sana'ar mai rubuta manhaja.

Babin da ya fi kama da tarihin unguwar Zango ta Damagaram shi ne na zanen ɗigo da layi. A da Zango masaukin ayari ce, a wajen ganuwar Birni, kuma a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, daga nan raƙuma ke kama hanyar Agadas da Gat har Tarabulus, wasu fatake kuma su yi kudu zuwa Kano. Aikin madugu shi ne sanin wace rijiya ke haɗe da wace, da kwana nawa ke tsakani. A mayar da kowace rijiya ɗigo, kowace hanya layi, a rubuta nisa a kai, an samu abin da littafin ke nazari. Leonhard Euler ya buɗe wannan fage a 1736, da aka tambayi ko mutum zai iya bi ta gadoji bakwai na birnin Königsberg, kowace sau ɗaya tak. Ya nuna ba zai yiwu ba, domin yankuna huɗu na birnin kowanne adadin gadojinsa mara ne. A 1959 Edsger Dijkstra ɗan Holan ya wallafa dabarar gano hanya mafi gajarta tsakanin ɗigo biyu, wadda har yau ake amfani da ita da 'ya'yanta wajen tura saƙo a intanet da nuna hanya a taswirar waya.

A nan ne kuma ɗalibi ke koyon cewa saurin na'ura yana da iyaka. A ce ɗan kasuwa zai tashi daga Kasuwar Dole ta Damagaram ya zaga garuruwa goma, su Mirriya da Magarya da Matamai da Kance da Tanut da Gure, ya dawo gida, yana son zagaye mafi gajarta. Hanyoyin jera garuruwan 3,628,800 ne, kwamfuta za ta gwada su kafin a ƙyafta ido. A mayar da su ashirin. Na'urar da ke gwada jeri biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa sai ta shekara fiye da 70 ba ta gama ba. Sayo babbar kwamfuta ba ya maganin wannan. Har yau masana ba su samo dabara mai sauri da ke warware wannan matsala daidai a kowane hali ba, sai dai dabarun da ke kawo amsa ta kusa.

Akwai kuma lissafin ragowa. Idan yau Alhamis, nan da kwana 100 Asabar ce, domin bakwai ta shiga ɗari sau 14, saura biyu. Abu ne kamar wasan yara, amma da aka haɗa shi da lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya, irin su 7 da 13 da 101, sai Rivest da Shamir da Adleman suka fito da makullin RSA a 1977. Ninka manyan lambobi biyu irin waɗannan abu ne mai sauƙi, amma a ba mutum sakamakon a ce ya gano su wane ne aka ninka, nan gizo ke saƙar. Da makullai na wannan dangi ake kare saƙonnin banki.

Garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, kuɗin intanet kuma yana cin aljihu, wannan darasi bai san da haka ba. Takarda da fensir ya nema. Ɗalibin Zango da na Faris ko Boston matsala ɗaya ke gabansu, kayan aikinsu ɗaya. Inda ake faɗuwa shi ne a karanta littafin kamar labari, a haddace ma'anoni, a tsallake tambayoyin ƙarshen babi. Hujja guda da mutum ya sha wuya ya fitar da kansa ta fi shafi hamsin da ya bi da ido, kuma abokan fada uku da za su yi gardama a kan tambaya ɗaya har shayi ya huce sun fi mai karatu shi kaɗai saurin ganewa.

Matsalar da ta rage ita ce harshe. Yaron ya tashi da Hausa, ya yi lakwal da Faransanci, manyan littattafan fannin kuma da Turancin Ingilishi aka rubuta su, don haka kafin ya kai ga lissafin ya riga ya gaji da fassara. A 2025 sabon kundin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Malaman lissafi na Jami'ar André Salifou ta Damagaram da takwarorinsu na Kano da Katsina suna da abin da za su fara da shi: ƙaramin littafi na babi uku ko huɗu, manɗiƙi da ƙidaya da zanen hanyoyi, misalansa daga dara da hatimi da rabon gado, tare da jerin kalmomin da ɓangarori biyu na iyaka suka amince da su.