Riƙo da Horo: Bayani a kan Aikin Masu Kula da Ɗalibai

A jami'o'i da kwalejojin horon malamai na ƙasar nan akwai ofishin da ake kira Sashen Harkokin Ɗalibai. Ma'aikatansa ne ke raba ɗakunan kwana, su sa ido a kan ƙungiyar ɗalibai, su kuma gabatar da mai laifi gaban kwamitin ladabtarwa. A ganina Hausa tana da kalmomi biyu da suka bayyana wannan aiki fiye da sunan da aka laƙaba wa ofishin, watau riƙo da horo.

Idan manomi a Sabuwa ya sayar da masararsa ya tura ɗansa karatu Zariya ko Dutsin-Ma, a ransa riƙo ya bayar, kamar yadda ake kai yaro wurin malamin allo a danƙa shi hannu da hannu. Mai riƙo kuwa shi ake tambaya abin da yaro ya ci da inda ya kwana. Mutanen wannan yanki sun san nauyin kalmar. Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta kwana da ke Ƙanƙara, ba a same su ba sai bayan kwana shida, Gwamna Aminu Bello Masari kuma ya rufe makarantun kwana na jihar. Makarantar sakandare ce, amma iyayen nan su ne ke tura 'ya'yansu kwaleji.

Horo ya fi wuyar sha'ani, gama kalma ɗaya ce mai fuska uku. Akan hori doki har ya saba da linzami, wannan koyarwa ke nan. Malamai sukan ce horo da alheri da hani ga mugunta, a nan umurni ne da gargaɗi. Sa'an nan akwai horon da ake yi wa mai laifi. Abin lura shi ne, a dukansu wanda ake hora yana nan a hannu, ana kuma sa ran zai gyaru. Saboda haka ban ga dalilin da zai sa mu sa kora cikin horo ba, ko da yake dokokin makarantu sukan jera su a shafi guda. Wanda aka kora ya fita daga hannu; hukunci aka yi masa, hukunci kuwa aikin alƙali ne, yana da sharuɗɗansa.

Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta nuna haka a 1986, cikin shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri. An yi tarzoma a jami'ar a watan Fabrairu 1983, aka yi ɓarna, aka kori waɗansu ɗalibai. Ashe wanda ya shugabanci kwamitin binciken, watau mataimakin shugaban jami'a, yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Kotu ta soke korar, ta ce mutum ba ya zama alƙali a kan ƙarar da ta shafe shi, kuma laifi irin na ƙone-ƙone kotu ce ke da ikon tabbatar da shi. A watan Mayu na shekarar 1986 ɗin, a Jami'ar Ahmadu Bello, hukuncin da aka yi wa shugabannin ɗalibai ya jawo zanga-zanga, 'yan sanda suka shiga Samaru, aka rasa rayuka.

Wani zai ce ai malamin allo shi ne mai riƙo, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, kuma ba a ji kansa da kowa ba. Gaskiya ne. Amma uban yaro ya san malamin, ya san gidansa, in ransa bai kwanta ba yana iya ɗauke ɗansa. A kwalejin da ke da dubban ɗalibai wannan sanayya ta kau, sai ƙa'ida ta tsaya a gurbinta: a gaya wa ɗalibi laifinsa a rubuce, a ji ta bakinsa, kuma ma'aikacin da ya kama shi ya tsaya a matsayin shaida, kada ya zauna cikin masu yanke hukunci. Da za a ji shawarata, sai a ƙara da aika wa uba labari tun kafin zaman kwamiti, kuma da Hausa, domin takardar Turanci in ta isa Sabuwa sau da yawa sai an nemo mai karanta masa ita.