Lua, ƙaramin harshen da ke aiki a ɓoye

Duk ɗan Jos da ya buɗe Wikipedia ta Hausa ya ga akwatin bayanai a gefen maƙala, to ya mori Lua ko da bai sani ba. Tun 2013 Wikipedia ke amfani da wannan harshen kwamfuta.

Masana uku ne suka ƙirƙiro shi a jami'ar PUC da ke Rio de Janeiro, a Brazil, a 1993. Ba ya cin wuri, shi ya sa ake dasa shi cikin wasu manhajoji. In ka rubuta umarni, sai a mayar da shi gajerun lambobi, wani inji ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Injin nan fa ba na ƙarfe ba ne, shi ma manhaja ce.

Wasan Roblox ma da wani reshen Lua yake tafiya.