A-kori-kura Ba Tirela Ba Ce

Akwai wata magana da na gaji da ji a tashoshin motar ƙasar Daura, musamman ranar Lahadi in kasuwar Mai'aduwa tana ci. Tsohuwar a-kori-kura ce ƙirar Peugeot, wadda muke kira Fijo, za ka ga an danƙara mata buhuna har sun ɗara kan direba, an ɗora mutane a sama, wasu sun maƙale a baya. Kana magana sai a ce: "Malam, ai Fijo ce, ƙarfen da ne, ba ta san nauyi ba. Kuma an ƙara mata sifirin." Da wannan magana ake rufe bakin kowa, da ita kuma ake kai bayin Allah asibiti, wasu ma maƙabarta.

Ba wanda ke musun cewa motar ta cancanci yabo. A 1960 kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 404, wadda Pininfarina na Italiya ya zana wa jiki, sannan a 1967 aka yi mata mai buɗaɗɗen baya don ɗaukar kaya. Sai 504 ta biyo a 1968, ita kuma a-kori-kurarta ta fito wajen ƙarshen shekarun 1970. Sau 4 motar 404 tana cinye gasar Safari ta Gabashin Afirka, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, a kan hanyoyin laka da ƙura. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci. Har an yi zamanin da ake ɗauko sassansu a jirgin sama daga Lyon a sauke a Kano, a wuce da su Kaduna ta mota. Daga can suka bazu, suka zama abin hawan ɗan kasuwa da manomi daga Kazaure zuwa Daura, daga Zango da Ɓaure zuwa Sandamu, har su tsallaka Kwangwalam su nufi Matamaye da Damagaram.

Sirrinta ba ɓoyayye ba ne. Inji a gaba, tayoyin baya ke turawa, cikinta ya ɗaga daga ƙasa yadda rairayi da kwazazzabo ba sa kama ta da wuri. Ƙananan Fijo na hawa suna da sifirin mai murɗe, ita kuwa ta kaya an sa mata na falle-falle a baya. Ba kwamfuta, ba wayoyi barkatai. Bakanike a gindin bishiya zai sauke kafireto ya wanke ya mayar kafin la'asar. Wannan duk gaskiya ne. Amma wanda ya ƙera ta ya yanka mata iyaka: kayan da aka yi 404 ta ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, ita kuma 504 tan ɗaya ne da 'yan kai. Buhun gero cikakke kilo 100 ne. Ke nan buhu 10, in an matsa 12, lodi ya cika, kuma ba a sa mutum ko ɗaya a lissafin ba. Wanda ya loda buhu 20 ya ɗora mutum 10 a kai ya ninka abin da aka yi ta dominsa, ya kuma wuce.

To, mu dawo kan sifirin ɗin nan da ake taƙama da shi. Babban aikinsa shi ne ya tallafe jikin mota kada ya zauna a kan taya. In mai walda ya ƙara falle 3 ko 4, abin da ya yi kawai shi ne ya hana ido ganin cewa mota ta ji jiki. Da can in an wuce ƙa'ida bayanta kan durƙusa, kowa ya gane a rage kaya. Yanzu an toshe mata bakin kuka. Jaki ne aka ƙara wa kaurin akumari, aka ce ƙafafunsa sun ƙaru.

Shin an ƙara mata birki? A'a. Birkin baya na ganga ne, irin wanda in ya yi zafi yake sakin aiki. Duk nauyin da ke tafe, birki ne zai mai da shi zafi kafin mota ta tsaya, kuma in nauyi ya ninka zafin ma ya ninka. Shi ya sa direba zai taka sau biyu lafiya, a na uku, daidai lokacin da saniya ta faɗo titi, ƙafarsa ta tafi ƙasa. An ƙara mata kaurin sandar da ke juya tayoyin baya? An canja boris? An ƙara notinan taya? Duk suna nan yadda Bafaranshe ya auna su don tan ɗaya. Su ne ke shan wahalar da sifirin ya daina nunawa, har ranar da taya za ta fice ta wuce motar a guje.

Sai kuma tsawon lodi. Ana walda ƙarafa a gefe a ɗaga su sama, a shimfiɗa katako a ƙofar baya a ƙara mata tsawo. Kaya in ya yi sama, nauyi ya bar ƙasa, kwana kaɗan ko rami ɗaya ya isa ya kifar da mota. In ya zarce tayoyin baya, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwaf a hannu, tayoyin da ke juya mota ba su kama ƙasa sosai ba, da dare kuma fitila tana haska sama tana kashe wa mai tahowa ido. Direban ya san da haka sarai. Ai shi ya sa yaron mota yake rataye a baya da weji a hannu, yana jiran a zo hawa ya dira ya cusa a ƙarƙashin taya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kiran ta "ƙarfen da" a matsayin hujja. Tsufa ai ba ƙarfi ba ne. An daina haɗa 504 a Kaduna a tsakiyar shekarun 2000, ita kuma 404 ta ƙarshe a duniya a Kenya aka haɗa ta a 1991. Autar cikinsu ta kai shekara 20, da yawa sun haura 40. Ƙarfe yana gajiya, yana tsatsa, yana tsagewa ta inda ido ba ya kai wa, kuma wurin da aka yi wa walda sau da yawa nan ne zai sake karyewa. In abin ya auku sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma wanda ya ɗora matan mutane da goyonsu a kan buhuna don kuɗin mota na mutum 5 ya ji tsoron Allah, amana ce ya ɗauka. Lalacewar hanya da gudu da gyangyaɗi su ma suna da nasu kason a haɗarin.

Mai irin wannan mota, ƙirga buhu kafin a ɗora, kada ka bar wa 'yan kamasho su yanke maka, su ladarsu ce a gabansu. Mai nauyi a sa shi ƙasa, a matso da shi jikin kan direba, marar nauyi ya hau sama, a ɗaure da igiya ta gaske. In za ka ɗauki dabbobi, ɗauki dabbobi. In mutane ne, su zauna a cikin bodi, ba a kan kaya ko a bakin ƙarfe ba. Man birki na ainihi za ka zuba. Masu haɗa ruwan sabulu su ɗura, su sani robobin ciki suke kashewa, kuma ruwa in ya yi zafi tafasa yake, birki ya ɗauke. Duk safiya taka birki ka riƙe. In ƙafa tana nutsewa a hankali, akwai yoyo, kada motar ta fita. Jarkar fetur da ake ajewa kusa da ƙafar fasinja a ja tiyo zuwa inji, a gyara tanki a rabu da ita.

Taya kuma a duba gefenta. Akwai lambobi 4 a ƙarshen wani jeri: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga 2315, a mako na 23 na 2015 aka yi ta, ko zanenta na nan ta tsufa. Tayar ƙaramar mota 'yar gwanjo ba ta baya ba ce, a nemi wadda aka yi don kaya, a auna iska da safe kafin ta ɗau zafi. Duk lokacin da aka shiga gareji, a leƙa ƙasan mota da tocila, a duba inda sifirin ya kama jiki da notinan da ke ɗaure shi, nan tsaga take farawa.

Kai kuma fasinja, kafin ka hau ka zagaya ta baya. In tayoyi sun baje, ko kaya sun wuce ƙarafan gefe, ko ka ji an ce a hau sama a matsa, ka karɓi kuɗinka ka jira ta gaba.